Wa da ƙanwa a mota ɗaya: fim ɗin da muka gano a Balad

Maman Hanifa, 11:48 na dare
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yanzu muka dawo daga Balad, tsohon garin Jidda, ni da Zainabu, mun je fim ɗin nan da aka yi ta maganarsa a nan makon jiya, wanda ake haskawa a bikin fina-finai na Bahar Maliya. Na kwanta barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauko waya.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, labarin wa ne da ƙanwarsa. Mahaifinsu ya rasu a nan Jidda, ya bar wasiyya a kai wa wani tsohon abokinsa amanar kuɗi can wajen Umluj, hannu da hannu, kuma su biyun tare. Wan shi ya yi jinyar uban shekara da shekaru. Ƙanwar ta tafi karatu waje ta zauna can, sai bayan an binne shi da kwana biyu ta sauka. To ga su a tsohuwar motar uban, Jidda zuwa Rabig, Rabig zuwa Yanbu, teku a hagu duwatsu a dama, ba mai ce wa wani uffan.

Wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai. Sun tsaya da asuba wajen mai ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, tun dare ba su yi magana ba. Sai ya yago tamis ɗin, ya cire gefen da ya ƙone ya ajiye a gabansa, ya tura mata tsakiyar mai laushi, idonsa na kan titi. Ta daɗe tana kallon burodin ba ta taɓa ba. Wallahi haka Yayana yake yi min muna yara a unguwar Sabil. Yau kusan shekara huɗu ba mu gaisa ba sai ta bakin matarsa.

Ku da kuka gani, wa ya fi gaskiya a cikinsu? Ni dai zuciyata na wajen wan.

Zainabu, 11:57 na dare
Anti, tun a mota na faɗa miki, ni ina bayan ƙanwar. Ku tuna wayar da aka nuna tun farko. Ta tambaye shi jikin Baba, ya ce da sauƙi, kada ta tayar da hankalinta. Sau uku yana faɗa mata haka. Shi ya rufe mata ƙofa, sannan ya dawo yana yi mata gorin ba ta shigo ba. Kuma duk wata tana turo kuɗin magani. Jinyar da ya yi Allah ya ba shi lada, amma ya mai da ita bulala.

Habu Direba, 12:10 na dare
Zainabu ƙanwata, kuɗi daban, wanke wa tsoho jiki daban. Ni na yi jinyar mahaifiyata wata bakwai kafin na zo ƙasar nan. Wanda ya turo riyal dubu ya kwanta ya yi barci. Wanda ke ɗakin ko tari ya ji sai ya farka. Da wan ya ce mata "da sauƙi", ba ƙarya ya shirya ba, bakinsa ne ya saba, don in ya faɗi gaskiya shi ma sai ya yarda uban tafiya zai yi.

Ni ranar Asabar na gani. Abin da ya burge ni motar. Wanda ya yi fim ɗin nan ya san hanya. Da ta yi zafi bayan Rabig, ƙanwar ta kai hannu za ta buɗe murfin lagireto, ya daka mata tsawa ya fizge hannunta. Mutane a zauren suka ɗauka faɗa ne. Ba faɗa ba ne, da ta buɗe da tafasasshen ruwa ya wanke mata fuska. Sai dai gaskiya fim ɗin na da ja. Minti nawa ana nuna mana titi kawai. Ni da nake yini tsakanin Jidda da Makka, titi ba sabon abu ba ne a wurina.

Zainabu, 12:16 na dare
Yaya Habu, jan shi ne fim ɗin ai. Irin waɗannan ba manyan kamfanoni ke yin su ba, 'yan mutane kaɗan ne da kyamara da mota ɗaya, ba mai tsaya musu a ka cewa sai an sa waƙa ko an yi duka. Shirun da ya dame ka, su biyun ma shi ya dame su. So ake ka zauna a kujerar baya ka ji nauyinsa. Kuma ka lura sai bayan Yanbu ya miƙa mata makulli? Bai ce ta karɓa ba, ajiye shi ya yi a kan bonet ya zagaya ɗaya gefen. A ƙasar da sai watan Yunin 2018 mata suka fara tuƙi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wata mata kusa da ni har tafi ta yi.

Malam Nura (Madina), 5:52 na safe
Wa alaikumus salam. Ban je ba, kuma ku gafarce ni, zauren silima ba wurin da nake shiga ba ne. Na san an buɗe su tun 2018 bayan fiye da shekara talatin a rufe, na kuma san malamai da jama'a kowa da fahimtarsa, ba wannan ya sa na yi magana ba.

Maganar Maman Hanifa ce ta tsayar da ni. Hajiya, kin tambayi wa ya fi gaskiya a fim, amma a tsakiyar saƙonki kin ajiye abin da ya fi fim ɗin girma. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu wanda ya fara sallama. A Bukhari kuma ya zo cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Ba ina cewa ke ce da laifi ba, ban san abin da ya haɗa ku ba. Amma hadisin bai tambayi mai laifi ba.

Maman Hanifa, 6:31 na safe
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Tunda na fara bari in ƙarasa.

Lokacin rusau ne, farkon 2022, da aka zo kan Sabil da Kandara da Karantina da sauran unguwanninmu. An rubuta alama a bangon gidan da muke haya tun ina jaririya, aka ba da 'yan kwanaki. Ni ina Riyad a lokacin da tsohon ciki. Yaya shi kaɗai ya kwashe gidan, ga Inna a kwance. A cikin kayan akwai adakar kakarmu, ta ƙarfe, koriya, an ɗaure hannunta ɗaya da waya. A ciki akwai zanen saƙi da ta zo da shi daga Haɗeja, da ƙaramin Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa ta fata, da wata takarda mai hatimi da aka ba su a Sawakin, bakin teku a Sudan, kafin su hau jirgin ruwa. Muna yara in ta buɗe adakar ƙanshin kanumfari ke fara fitowa. Da na dawo na tambaya, ya ce min mota ɗaya ya samu, ya ɗauki gadon Inna da firji da tukunyar gas, adaka ta tafi da gidan. Na faɗa masa maganar da ba ta kamata ba. Shi kuma ya ce, "Da kina nan ai da kin ɗauka." Daga ranar ke nan.

Jiya da wan nan na fim ya faɗa wa ƙanwarsa kusan irin wannan kalma, sai na ji ta daga ɗaya gefen. Shi ya sa na ce zuciyata na wajensa.

Aminu Riyad, 7:05 na safe
Allah ya daidaita ku Anti. Amma ni ku bar ni in yi magana a madadin ƙanwar, don ina ganin ana yi mata rashin adalci a nan. Mu duba kanmu. Mu nawa ne a gidan nan muke kusa da iyayenmu? Yawancinmu mu ne ƙanwar. Mahaifina ya rasu a Zariya ina nan, na nemi mai gidan da nake wa aiki ya sa min hannu in fita, sai da aka yi kwana goma sha ɗaya. Na isa an share makoki. Ƙanena da ya yi jinya bai ce min komai ba, ya karɓi jakata, ya nuna min kabari. Har yau da ma zagina ya yi. Wanda ya tafi shi ma yana jinya, tasa ba mai gani ne kawai. Kuma rufin ɗakin da tsohon ya kwanta a ciki, da kuɗin wa aka yi shi?

Habu Direba, 7:12 na safe
Wannan tambayar taka ta ƙarshe, Aminu, ita ce ke raba gida. Kada ka taɓa yi wa ƙanenka ita.

Aminu Riyad, 7:14 na safe
Ban taɓa ba, kuma ba zan yi ba. A nan kawai na faɗa.

Baffa Idirisu, 8:40 na safe
'Ya'yana, na karanta duka. Yaran gidana ne suka ja ni na je na ga fim ɗin ranar Asabar, rabona da majigi tun ina saurayi a Wad Madani. Ina so in faɗi abin da na gani, ku yi haƙuri da tsawon maganar tsoho.

Kuna ta neman mai gaskiya. Ni ban ga fim ɗin ya nemi mai gaskiya ba. Uban da ya ce su tafi tare, ya san amanar nan ta banki ma za ta isa. Abin da ya sani shi ne, a gida in rai ya ɓaci kana da ƙofar fita. A mota babu. Dole ka zauna da fushinka da ɗan'uwanka a wuri ɗaya har ɗaya ya gaji.

Ni na ga haka da idona. Ku da kuka san ni kun san a Mai Wurno aka haife ni, bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa da jama'ar da suka yi gabas bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ina da Yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara bakwai. Mun saɓa a kan gonar mahaifinmu, shekara goma sha biyu gaisuwar sallah kawai ke haɗa mu. A 2023 na tafi hutun azumi Khartum. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya tashi, saura 'yan kwanaki sallah. Tana unguwar Mayo, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza ba sa gari. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta kai ni ƙofarta. Na ce Yaya tashi. Ta ɗauki buta da carbi da ƙullin magani, ba ta tambaye ni ina za mu ba.

Motar da muka samu kujera ɗaya da rabi aka ba mu. Daga Khartum zuwa Madani, hanyar da a da ake yi cikin awa uku, yini muka yi saboda shingaye. Ba ta yi min magana ba sai bayan Madani, da dare, muna hanyar Gadarif. Ta ce, "Idi, ka sha ruwa." Shekara sittin da uku gare ni a lokacin, ba mai kira na Idi a duniya sai ita. Maganar gona ba mu tayar ba, har yau ba mu tayar ba, gonar ma ba mu san halin da take ciki ba. A Gadarif na bar ta wajen danginmu, ni na wuce Kasala zuwa Bur Sudan don igamata, takardar izinin zama a Saudiyya, ta kusa ƙarewa. Da zan hau mota ta kwance bakin mayafinta, ta ciro 'yan kuɗin da ta ƙulle ta cusa min a aljihu. Na ce Yaya ni ke aiki a Saudiyya. Ta ce, "Hanya ba ta san wannan ba."

To da na ga yarinyar nan tana kallon tamis ba ta ci ba, na san abin da take kallo.

Zainabu, 8:58 na safe
Baffa, Allah ya ƙara girma, kun sa ni hawaye a wajen aiki. Yaya jikin Goggon yanzu?

Baffa Idirisu, 9:03 na safe
Tana Gadarif, ƙafa ce ke damunta. Duk Juma'a muna waya in layi ya yarda. Ku sa Sudan a addu'a.

Hajiya Ladi Makka (saƙon murya, jikarta ta rubuta), 10:20 na safe
Ku gaishe min da Idirisu, ku ce na ji. Ita kuma uwar Hanifa, ki ji ni da kyau 'yata. Na san kakarki, tare muka yi zaman Shari'a Mansur kafin su koma Jidda. Adakar nan na san ta. Amma abin da ke ciki ba a ƙarfe yake ba, yana bakin waɗanda ta ba labari. Ta faɗa min sun fito ita da wanta, tana 'yar shekara goma sha, suka bi Maiduguri, suka ƙetare zuwa Fallomi (Njamena ta yanzu), Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid. Kuɗi ya ƙare musu suka tsaya tsinkar auduga a Jazira damina biyu. Shekara huɗu kafin su ga teku. A Sawakin wan ya kwanta zazzaɓi, ita ta riƙa sayar da ƙosai har ya tashi. Wannan wan shi ya aurar da ita a Makka. To jikokinta ne za su rabu a kan akwati? Yayanki ya ɗauki gadon uwarku ya bar adaka. Da ya ɗauki adaka ya bar gadon, me za ki ce?

Maman Hanifa, 10:41 na safe
Hajiya, ban da amsa. Wallahi ban san ma da maganar ƙosan Sawakin ba, ba ta taɓa faɗa mana ba.

Aminu Riyad, 11:02 na safe
Jama'a kun ji abin da Hajiya ta lissafo kuwa? Wa da ƙanwa, daga Haɗeja zuwa Sawakin, shekara huɗu. Ga fim ɗin tafiya nan a hannunmu, mun je muna kallon na kilomita ɗari biyar muna kuka. Me ya hana 'yan Kannywood? Kullum falo, kujeru, kishiya, rawa da waƙa. Ga labarin da Bahaushen Kano da na Nijar da na Cadi da na Sudan da mu 'yan nan kowa zai ce na gidansu ne.

Zainabu, 11:15 na safe
Yaya Aminu, ban yarda a ɗora wa 'yan fim ɗin Kano laifin duka ba. Mai yin fim da kuɗin aljihunsa yana jiran YouTube ya mayar masa, ba zai kwashi ma'aikata ya nufi Cadi ba, balle Darfur a halin da ake ciki. Falo ya fi araha. Kuma ba wai ba a taɓa yi ba. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ai tafiya ce ta ƙetare sahara, an gyara shi har an haska a bikin Balin a 2018. Hanya ce aka bari ta mutu.

Abin da mutane ba su sani ba, shi wannan biki da aka fara a Disambar 2021 ba kallo kawai ake yi ba. Yana da asusun tallafa wa fina-finan Larabawa da na Afirka, da kasuwa inda masu labari ke haɗuwa da masu kuɗi. Amma sai ka je da rubutaccen labari da tsari, ba da baki ba. Babbar kyautarsu ma sunanta Yusur, baƙin murjanin Bahar Maliya da ake carbi da shi, irin wanda tsofaffinmu ke saya a Balad su kai tsaraba gida. Jiya da muka fito ina kallon tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, na ce a raina ta waɗannan lungunan kakanninmu suka bi da ƙullin kayansu zuwa Bab Makka. Mun shiga zauren a matsayin 'yan kallo, alhali unguwar ta san sawunmu tun kafin a haifi masu fim ɗin.

Habu Direba, 11:29 na safe
In za a yi, a yi shi da Hausar da muke yi, ta Sudan da ta nan, mai gauraye da Larabci. Kada a kawo mana wanda zai yi Takari yana maganar cikin Badala. Kuma a rage jan titi.

Malam Nura (Madina), 1:10 na rana
Fim ko ba fim ba, ku fara da abin da ba saɓani a kansa. Irin su Hajiya Ladi da Baffa su nawa suka rage? A je a zauna da su a naɗi maganarsu, a rubuta sunayen garuruwa da rijiyoyi da zangon da aka yi. Akwai ɗalibai a nan jami'a 'yan Mai Wurno da Gadarif da Damagaram, zan yi musu magana. Hajiya Maman Hanifa kuma, ina nan kan bakana.

Zainabu, 1:22 na rana
Ni har yanzu ina nan kan cewa wan ya yi kuskure da ya ɓoye mata ciwon uban. Ko a ƙarshen fim ɗin bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba. Sun kai amana, tsohon abokin ya ƙirga kuɗin ya yi wa mamacin addu'a, suka juyo, ita ke tuƙi shi yana barci da kansa jingine a gilashi. Shi ke nan aka kunna fitila. Wasu a bayanmu suna ta cewa ina ƙarshen?

Baffa Idirisu, 1:40 na rana
'Yata, mutumin da ya yi shekaru ba ya barci sai da kunne ɗaya, ya ba ki sitiyari ya rufe ido biyu. Wane haƙuri kike jira kuma?

Maman Hanifa, 4:55 na yamma
Na kira shi bayan la'asar. Bai ɗauka ba. Can sai ga saƙo, "Ina wajen aiki, lafiya?" Na rubuta na goge ya fi sau biyar, daga ƙarshe na tambaye shi ko ya san Kaka ta taɓa sayar da ƙosai a Sawakin. Ya ce ya sani, shi ta faɗa wa, har da sunan matar da ta ara mata kasko. Ya ce gafakar Alƙur'anin ma tana wurinsa, ita ya zare ya sa a aljihun jallabiya ranar rusau, ban tsaya na ji ba ne.

Habu, ranar Juma'a in ka tashi Makka da safe akwai wuri biyu a motarka? Ni da Zainabu za mu je wajen Hajiya Ladi da rikoda. Yaya yana Nuzha, ya ce in mun biyo ta nan mu tsaya.

Habu Direba, 5:03 na yamma
Akwai wuri uku, Anti. Ƙarfe bakwai a Kilo Ashara, kada a makara don mu samu sallah a Harami.